Motar Sharhabilu Ta Ƙi Silo

Assalamu alaikum, masu bin labarin nan. Na karanta saƙonninku. Wadda ta ce ina da taurin kai ba ta yi ƙarya ba. Wadda ta tambaya ko ina kuka idan ina rubutu, a'a, ba na yi.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Sadiƙa, gidanmu yana Jekadafari a nan Gombe. Na yi karatun injiniyan motoci a Indiya, na dawo a shekarar da in aka buga ƙofar mota da ƙarfi sai rabin layi ya waiwaya. Mai nemana Sharhabilu ne, mutumin Bama. Rikici ne ya koro su shi da yayarsa Ya Falmata, yanzu yana sayar da huluna a babbar kasuwa. Baffa, mahaifina, ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya yarda manyan Sharhabilu su zo gaisuwa. Aka tsayar da wata Asabar. Ni kuma na ɓata abin da hannuna.

Ga yadda aka yi.

Tun da na dawo babu wanda ya taɓa miƙo min makullin mota ya ce in duba masa. Baffa ya ce takardata ta ofis ce, in jira aikin gwamnati, kada ya kuskura ya ji an ce an ga 'yar Alhaji Bamanga a ƙarƙashin mota. Ƙannen Dada, mahaifiyata, suka samu abin dariya. "Kowa ya je Indiya rawa yake koyowa, tamu sifana ta koyo."

Wata rana da yamma muna hira a ƙofar gida, Sharhabilu ya dafa bonet ɗin tsohuwar motarsa ya ce, "Ta yi min nauyi. So nake in na taka ta tashi."

Na ɗauka son gudu ne irin na samari. Ban tambaye shi dalili ba. Daɗi kawai na ji, wani ya zo da matsalar da na san kanta.

"A canza mata maƙogwaro," na ce.

"Mota tana da maƙogwaro?"

Tana da shi. Bututun ƙarfe ne mai murfi a ciki, idan ka taka totur murfin ya buɗe, iska ta shiga injin. Makanikai totur-bodi suke ce masa. Na sa Onyeka, mai shagon kayan gyara a Dawaki, ya samo min wanda ya fi na motar faɗi. A Gombe aka haifi Onyeka, ya fi ni iya zagin kasuwa.

"Injiniya," ya ce, "in kika ɗaura wannan, motar nan za ta riga labari zuwa Bauchi."

A bayan shagonsa na ɗaura, da rigar aikina ta makaranta a ƙarƙashin dogon hijabi ruwan toka. Sharhabilu yana riƙe min jaka da waya kamar mai rakiyar asibiti.

A kan titi motar ta yi kyau. Silo ne ya lalace. Silo shi ne numfashin injin lokacin da mota ke tsaye ba a taka komai ba. Ya kamata ya zauna wuri ɗaya. Nata sai ya sauka kamar za ta mutu, sannan ta yi gurnani ta haura sama kamar an danne totur da gangan, ta sake sauka.

Ban damu ba, na san wannan. Mota tana da ƙwaƙwalwa, wani akwatin lantarki da ke auna iska da mai. In an canza mata maƙogwaro sai an koya mata sabon. A bar injin ya yi zafi, a kashe fitila da rediyo da komai, a ƙyale ta tana aiki a tsaye ba wanda ya taɓa ta, ta yi ta hauka har ta gaji ta daidaita. Na yi haka a bayan shagon. Ta kwanta luf. Sharhabilu ya tafi yana murmushi.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Ta dawo da halinta."

Na sake koya mata. Ta kwanta. Gari ya waye ta dawo da halinta.

Kamata ya yi in ce ya ajiye ta. Ban ce ba. Na ce ƙaramin abu ne.

Ranar Juma'a ya zo salla masallacin unguwarmu. Shawarar Dada ce, wai abokan Baffa su saba da fuskarsa. Kun san yadda Juma'a take a lokacin: igiya a bakin layi, samari da na'urar bincike, ba a barin mota ta matso. Ya tsaya a bakin igiyar yana jira a nuna masa wurin ajiyewa, ƙafarsa a kan birki. Sahun waje ya cika har titi.

Sai motar ta yi gurnani.

Ina ɗakina ina gugar atamfar da zan sa ranar Asabar ɗin, mai ruwan ganye da zanen zinare. Na ji muryar injin daga nan, na gane ta. Sannan na ji wani ya kwarma ihu, "Bam!" Sannan ƙafafu.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji shi. An tattake tabarmi da takalma. Malam Hudu ladan ya faɗi ya karye a hannu. Samari suka fizgo Sharhabilu ta taga, suka ga tsagen fuskarsa, suka ji Hausarsa. Suka yaga masa babbar riga, suka kwantar da shi a bakin kwata, wani ya taka masa wuya da takalmi har 'yan sanda suka zo. Da aka buɗe but, huluna ne a jere cikin leda.

Baffa ya shigo gida ba takalmi, jini a diddigensa. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi Dada ya ce, "Wannan shi ne mutumin? Batun Asabar a dakata."

Na buɗe baki. Dada ta damƙe min hannu ta ja ni uwar ɗaka, ta tura ƙofa. Ta juya yatsuna ta nuna min baƙin mai a ƙarƙashin farce.

"Kin zaci makauniya ce ni? Tun ranar da kika ce kin je wajen tela na gani."

"Dada, ni na..."

"Rufe min baki. In Baffanki ya ji, ba aure ba, ko ƙofar gida kin daina gani. Shi namiji ne, zai wanke kansa. Ke wa zai wanke ki?"

Ta kwaɓa lalle da kanta, ta lulluɓe min yatsu har gaɓa ta biyu. Na zauna hannuwa a buɗe kamar mai roƙo, ana jajen Malam Hudu a tsakar gida.

Da lallen ya bushe na ɗauki waya na rubuta wa Sharhabilu.

"Ka ji rauni?"

"Riga ce kawai. Dama ta tsufa."

"Zan faɗa wa Baffa ni na taɓa ta."

"Kada ki faɗa. Ni na saba da irin kallon nan. Ke ba ki saba ba."

'Yan uwa, da na karanta wannan saƙon sanyi na ji a raina. Sauƙi na ji. Na kife wayar na ci tuwo. Wannan ne abin da na fi jin nauyin rubutawa, shi ya sa na rubuta shi a gajarce.

Na ce wa kaina in na gyara motar komai zai gyaru. Mafi sauƙi shi ne a mayar da tsohon maƙogwaron, amma Onyeka ya riga ya sayar wa wani direban Yola, kuma irinsa babu a gari sai kaya sun zo daga kudu, ba wanda ya san ranar. Sai na koma bincike. Na fesa ruwan wankin kafireta a kewayen gaskit, abin da ke toshe mahaɗar maƙogwaron da injin, ina saurare, ko iska na satar hanya. Babu. Na bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Lafiya lau. Na canza gaskit ɗin duk da haka. Na wanke na'urar da ke auna iska, na duba wayoyi, na ciro fulogi. Na aro na'urar karanta ƙwaƙwalwa, ta ce ba ta ga laifi ba. Na sake koya wa motar silo, ta kwanta kamar jaririya.

Da safe: "Ta dawo."

Sai na juya kansa. Na kira shi.

"Malam, a wajen 'yan bumburutu kake shan mai?"

"A gidan mai nake sha."

"To wa kake kai wa motar nan bayan na gama?"

"Ba kowa."

"Aljanu ne ke nan suke kwance min aiki?"

 Mutumin da aka taka wa wuya saboda ni, shi nake yi wa tsawa. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya kashe.

Ran nan kuma Onyeka ya tare ni a bakin shago, yana sosa ƙeya. "Injiniya, kin san ba na gudun ki. Amma maƙwabta sun yi min magana. Sun ce motar masallaci ce. Ni Inyamuri, shi ɗan Borno, mota tana ihu a bayan shago. Ki duba min."

Na duba masa. Gaskiyarsa ce.

Abu ɗaya ya rage ban gani ba: yadda take tashi da safe, injin da sanyi. Na ce wa Dada zan je Shamaki in karɓo mata turaren wuta wajen Ya Falmata. Ta harare ni, amma ta miƙo min mayafi.

Ɗaki biyu suke haya a wani gidan yawa. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Tsaf yake. Katifa a jingine da bango, kwalaben humra a jere kan akwatin ƙarfe, kasko yana hayaƙi a bakin ƙofa. Ya Falmata tana zaune kan darduma cikin lafaya mai ruwan hoda, tana murza itacen turare a faranti.

"Wushe, wushe, amaryarmu. Shigo. Kai, wannan lalle! Wa ya yi miki?"

"Dada ce."

"Ya kama. Hannun da bai san wahala ba lalle yake so." Ta ja ni kusa da ita, ta rage murya. "Kin ji abin da aka yi wa ɗan uwana? Wai wani makaniki ne a Dawaki. Ya ƙi faɗa min sunansa. Ni kuwa kowace salla sai na kai ƙararsa. Mun baro gida da rai, mun zo nan muna lallaɓa sunanmu kamar ƙwai, wani ɗan banza ya fasa shi da sifana. Allah ya isa."

"Amin," na ce. Eh, na ce amin.

Labulen ɗakin ciki ya motsa. Sharhabilu ya fito da baƙar jallabiya, wuyansa a kumbure ta gefe ɗaya. Ya rungumo wani abu mai nauyi a ƙirji, naɗe da buhu. Ya gan ni ya tsaya.

Batir ne. Batirin mota.

"Me wannan yake yi a ɗaki?" na ce.

"A nan yake kwana."

"Tun yaushe?"

"Kullum."

 Ƙwaƙwalwar mota da wutar batir take riƙe abin da ta koya. In aka cire shi, ta manta, ta koma kan abin da aka saka mata tun daga kamfani. Da tsohon maƙogwaro ba matsala, lissafin kamfani nasa ne. Da nawa kuwa, duk safiya motar tana farkawa ne da maƙogwaron da ba ta sani ba. Ni ina koya mata da rana, shi yana goge mata da magariba. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya san shi. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: yaya motar nan take kwana?

"Saboda ɓarayi?" na ce.

Ya Falmata ce ta amsa, ba ta ɗago daga farantinta ba.

"Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana Bama, gida gida suka bi suna tayar da motoci. Wadda ta tashi, su tafi da ita da mai ita, ya zama direbansu. Ta wannan ba ta tashi ba, ya kai batir caji. Ta ƙaninmu Wakili ta tashi bugu ɗaya. Sabuwa ce, yana ji da ita." Ta kaɗe tafin hannunta. "Har yau ba mu ji ko yana raye ba. Turaren na naira nawa Hajiyarku ta ce a ba ki?"

Na daɗe ina tare da mutumin nan. Na san kalar da yake so, na san ba ya cin kuɓewa. Na ba shi labarin ruwan saman Indiya da abincinsu har ya haddace. Ban san yana da ƙane ba. Lokacin da ake tayar da motocin nan ina can ina ɗaukar hoto da rigar aiki. Da ya ce yana son in ya taka ta tashi, ni tseren samari na ji.

Na bi shi waje. Ya ɗaura batirin, ya ɗaure kawunan da ƙaramar sifana da ke aljihunsa, hannunsa ya saba. Bai tayar ba.

"Na gano," na ce. Na yi masa bayani a taƙaice. "In na koya mata, dole batir ya zauna a ciki. Kada a cire."

Ya dubi layin, ya dubi motar.

"Sadiƙa, in yana ciki tana kan titi, ba zan runtsa ba. Na gwada. Na san nan ba can ba ne. Jikina ne bai sani ba."

"To a koya mata kowace safiya."

"A ina? Mai gidan nan ya ce in ta ƙara ihu a layinsa mu kwashe kayanmu."

Gaskiya ne. Koyarwar tana son a bar mota tana gurnani a tsaye tsawon lokaci, ba kowa a kan totur. A Gombe ta wannan shekarar babu titin da za a yi haka mutane su zauna. Wuri ɗaya na sani mai katanga da get, inda mota za ta yi haukarta ta gama, ta kwana da batirinta ba wanda ya shiga fargaba. Gidan Baffa.

Ya gane abin da nake tunani. "Kada ki yi. Zan sayar da ita."

"In ka sayar, sunan da suke kiranka da shi zai bi ta?"



Bayan la'asar na sami Baffa a falonsa, ƙafarsa naɗe da bandeji a kan matashi, rediyo tana magana ƙasa ƙasa. Dada ta kawo masa fura. Da ta ga na durƙusa a gefen kujera, ta gane. Ta yi min ido, ta yi gyaran murya, ta ce wai in zo in duba mata tukunya.

"Baffa, ina da magana."

Ya rage rediyon.

Na faɗa. Ban yi ado ba. Ni na ce a canza, ni na sayo, ni na ɗaura a bayan shago a Dawaki, ni na ce masa ƙaramin abu ne ya ci gaba da hawa. Na faɗi batun batir da Wakili, domin in ba haka ba ba zai gane abin da nake roƙo ba. Na ce a bar motar ta shigo gidan nan.

Na shirya wa faɗa a kan ƙarƙashin mota da sunan gida. Bai taɓo wannan ba.

"Ranar Juma'a da na shigo da jini a ƙafa, kin sani?"

"Na sani."

"Da aka zauna a zauren nan ana cewa a kai sunansa wajen sojoji a bincike shi, kina cikin gida?"

"Ina ciki."

"Ya san ke ce, ya yi shiru?"

"Shi ya hana ni faɗa."

"Ke kuma kika hanu."

Dada ta ce, "Alhaji, yarinya ce, ni na..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon yatsuna. Na so in ɓoye su a cikin mayafi, na kasa.

"Na yi ta bincike a kan yaron nan," ya ce. "Na aika har Maiduguri a tambayo min asalinsa. Ina tsoron kada in ba da 'yata inda za a cuce ta. Ashe ta ɗaya gefen ya kamata in bincika."

Sannan ya ci gaba. 

"A buɗe get, ya kawo motar. Gobe da azahar ni zan tsaya a masallaci in faɗa wa jama'a hannun gidana ne, ni zan je wajen Malam Hudu. Wannan nawa ne." Ya gyara ƙafarsa a kan matashin. "Naki kuma, kafin ki ɗaga bonet ɗin nan, za ki faɗa wa yayarsa abin da kika faɗa min, da bakinki, tana kallonki. In bayan ta ji ta ce tana son ki a gidansu, Asabar tana nan. In ta ce a'a, ba zan roƙe ta ba."

Ya ƙara muryar rediyo.

Na fito tsakar gida na rubuta wa Sharhabilu: "Baffa ya ce ka kawo ta." Ban rubuta sauran ba. Na ce zan samu daren nan in shirya kalmomi, gobe in je Shamaki da kaina.

Ba a jima ba na ji ta tun daga bakin layi, tana hawa tana sauka, ƙofofin maƙwabta suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Na zare sakatar get da hannuna. Wayata ta yi ƙara.

"Mun iso. Ya Falmata ta ce ba zan ƙara shiga unguwarku ni kaɗai ba. Tana gaba."

Na ja get ɗin. Ta sauke gilashi, ta gan ni, fuskarta ta washe.

"Amaryarmu da kanta! Allah ya yi miki albarka. To ina makanikin da aka ce zai gyara?"